Hannun Baba a Shafi na Sha Ɗaya

Zuwa ga ƙanena, Malam Ƙamus,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ɗalibanka, ina taya ka murna. Littafinka ya iso. Ashe duk shekarun nan marubuci muka yi ta goyo ba mu sani ba. Na juya shi gaba na juya baya, takarda sumul, sunanka a bango da manyan baƙaƙe, ga na Baba a bayan naka don kada wani ya yi kuskuren gidan da ka fito. Allah ya ƙara basira.

Ni da na tsaya a aji uku na sakandare na koma sayar da robobi, ban taɓa sanin Bature yana da kalma ashirin da uku ta rawa da girgiza ba. Mu nan in teburi yana rawa sai mu ce yana rawa, mu naɗe kwali mu tokare ƙafar. Kai kuwa ka zauna ka tsince su ɗaya bayan ɗaya: ta mai jin sanyi daban, ta bishiya in iska ta kaɗa daban, ta mashayi a kan hanya ma an ware masa tasa. Kowace da misalinta don yaro ya gane. Wannan aiki ne, ba na musu.

Shafi na sha ɗaya na fi so. Na sa 'yata ta karanta mini shi sau biyu ta fassara, don kada in zalunce ka da guntun Turancina. “Mahaifina mai gyaran agogo ne. Hannunsa yana karkarwa in ya ɗauki sukudireba.” Wai wannan ita ce tremble. Ƙasa kaɗan, kofin shayinsa yana ƙara a kan faranti, wai rattle. Ƙasa kuma, kansa yana gyaɗawa ba tare da an tambaye shi komai ba. Misali bakwai na ƙirga a shafi guda, duka Baba ne. Ko likitan da muke kai shi wurinsa bai duba shi haka ba.

To bari in ba ka labarin nasarar littafin, tunda kana nesa. Makarantar unguwarmu ta saya wa 'yan aji biyar. Malamarsu mai himma ce, ba ta yarda da hadda kawai ba, sai an yi a aikace. Yara arba'in su miƙe tsaye, su ɗaga hannu, su faɗi jimlar, su karkaɗa yatsu. Ka kuma san hanyar makarantar ta ƙofar shagon Baba ta bi. Ranar Litinin da aka tashi, wani gungu ya tsaya daidai gaban teburinsa suna bita. Ba da mugunta ba ma, murna suke sun ga abin da ke cikin littafi da idonsu. Baba yana zaune da gilashinsa a ido ɗaya. Ya juya ya tambayi Tela, maƙwabcinsa, me yaran nan suke cewa. Tela ya sunkuyar da kai ya ƙara taka keke kamar ɗinkin likkafani aka ba shi.

Kafin Laraba iyaye sun ji a bakin 'ya'yansu. Tiren nan da ka sani, wanda agogo talatin ke kwana a kai kowanne da zarensa, yau shida suka rage. Wannan ya zo ya ce tafiya ta kama shi, wancan ya ce ashe agogon na ƙaninsa ne yana nema. Ba wanda ya kalli Baba a ido. Shi kuwa kullum sai ya sa rigarsa mai aljihu biyu ya fita, ya buɗe shago, ya zauna ya tura hannuwansa ƙarƙashin cinya.

Na rubuto ne maimakon in kira ka, domin a waya da na fara sai ka ce sabis ya ɗauke, kuma na lura abin da aka rubuta kaɗai kake girmamawa. Ka zo ka kwashe littafinka daga makarantar nan, ka durƙusa gaban tsohon nan. Wannan makon nake nufi.

Ka gaida matarka da yara. Na bar ka lafiya.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yayata mai daraja,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na sami takardarki, na kuma karanta ta da natsuwa, duk da ba da natsuwa aka rubuta ta ba. Ina fatan Baba da maigidanki da yara suna cikin ƙoshin lafiya.

Da farko, gyara kaɗan. Kalmomin ashirin da huɗu ne, akwai ɗaya a bayan shafin ƙarshe. Misalan da suka shafi Baba kuma shida ne, na bakwai kujerarsa ce, ba shi ba.

Yaya, akwai abin da ba ki sani ba game da koyarwa. Yaro ba ya riƙe kalma sai an ɗaura ta a jikin abin da ya sani. Shekara goma sha huɗu ina fama da ɗaliban da ke fassara kalma shida da “rawa” su wuce. Kwamiti guda ya duba littafin nan, kuma shafin da kike kuka da shi shi suka fi yabawa, suka ce yana da rai. Ban ambaci suna ba. Ban yi ƙarya ba. Larura kuma ba abin kunya ba ce, duk wanda ya daɗe a duniya zai gamu da tasa. Abin da yara suka yi a ƙofar shago bai dace ba, zan rubuta wa shugabar makarantar a kai.

Amma tunda kin buɗe maganar, bari in faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa. Duk mai ido ya ga hannun Baba, ba littafina ya sa masa rawa ba. Zuwana na ƙarshe na zauna ina kallo ya kai hantsaki sau shida kan sukuru ɗaya bai ɗauke shi ba. Da wannan hannun ake buɗe agogon mutane? Kayan mutane amana ne. Wa ya san nawa aka lalata aka mayar wa masu su a rufe? In jama'a sun karɓe kayansu, wataƙila sauƙi ne Allah ya kawo ta inda ba mu zata ba. Mutum mai shekara saba'in da huɗu hutu ya kamace shi, kuma ke da kike kusa ke ya kamata ki fara faɗa masa, maimakon ki bar shi yana wahalar da kansa don kada a ce an rufe shagon gidanmu.

Ba zan iya zuwa wannan makon ba, muna tsakiyar zango.

Ki miƙa gaisuwata ga Baba. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki mai biyayya.

*

Malam,

Sallama dai wajibi ce, to ga ta: assalamu alaikum. Lafiyarmu ƙalau, in ka cire wanda ka sani.

Na gode da gyara. Zan je in ba kujera haƙuri.

Ka tambaya nawa aka lalata. Ko ɗaya. Shekara biyu da wata huɗu, ko ɗaya. Zauna in koya maka yadda ake aiki a shagon ubanka, tunda kai kallo ka yi ba tambaya ba.

Mutum ya kawo agogo, Baba ya karɓa ya kara a kunne. Hannu ne ya tafi, kunnen nan yana nan yadda ka san shi, ko cikin hayaniyar kasuwa zai gaya maka sifirin ne ya gaji ko datti ne ko ruwa ya shiga. Ya ɗaura masa zare, ya ce a dawo bayan kwana uku. Da yamma in na rufe rumfata sai in biyo, in tarar ya zuba su a gwangwanin biskit, in sa a ƙasan jakata in ɗora kayan cefane a kai. Bayan sallar asuba, kafin yara su tashi, in shimfiɗa farin ƙyalle a bakin taga, in sa gilashinsa a idona, shi ya zauna a gefena. “Cire wancan. A'a, na hagu. Kada ki numfasa a kai. Mai kika zuba ko miya?” Haka har rana ta fito. Ƙarfe takwas ya tafi da su a aljihu, ya jera a tire, masu su su zo su ce hannun tsoho sai Allah.

Ni ce hannun. Lokacin da kake kwance a ɗaki kana haddar ƙamus har sunan ya bi ka, ni ina ƙarƙashin teburin nan da maganaɗisu ina tsince masa sukurun da suka faɗi. Ban gaya maka ba don na san bakinka. Ashe alƙalaminka ya kamata in ji tsoro.

Ka ce duk mai ido ya gani. A nan ka yi gaskiya, har ka fi ni sani. Shekaranjiya na ga Mai Kemis ya fito daga shagon da agogonsa a hannu, mutumin da ya shekara talatin bai kai wa kowa gyara ba sai Baba. Na bi shi har kantinsa na ce, “Baba Mai Kemis, har da kai?”

Ya ce, “Rufe mini baki, 'yar nan. Wa ke sayar miki da ƙwayar da yake sha? Kin ɗauka ba mu san da gwangwanin biskit ba? Tela ya sani, mai faci ya sani, masu wankin mota ma sun sani. Sau biyu ina cire batirin agogona da hannuna in kai masa, don kawai ya kara a kunne ya ce mini in dawo bayan kwana uku.”

Na ce, “To me ya canja?”

Ya ce, “Da in na miƙa masa agogo, aiki na ba shi. Yau na miƙa, ya dube ni ya ce, kai ma sadakar ka kawo? Ya turo mini abina. Ina zan sa fuskata in koma?”

Ka ji. Layi guda, mutum sun fi hamsin, 'yan kasuwar da in ka gaya wa ɗaya sirri da safe kafin azahar an yi masa ƙari an dawo maka da shi, sun riƙe wannan shekara biyu ba wanda ya yi ko tari. Ba taro aka yi ba, ba wanda ya roƙe su. Kowa ya ga tsoho yana son ya ci gaba da zama mai gyaran agogo, aka kau da kai aka bar shi. Sai ɗan cikinsa, mai shekara goma sha huɗu a aikin koyarwa, ya zo ya buga a inji aka raba wa yara.

Saura ɗaya, ita ce ta hana ni cin abinci. Jiya Baba ya kira 'yata ya ce ta kawo littafin kawunta ta karanta masa. Na yi mata ido, ya ce in fita. Ina bakin ƙofa ta karanta duka bakwai ɗin, har da kujera. Da ta gama ya ce, “Yaushe ya ga duk wannan?” Can sai ya ba kansa amsa. Ka tuna zuwanka na ƙarshe, da ka zauna gabansa da ɗan littafin rubutu a gwiwa, yana ba ka labarin yadda ya koyi aiki wurin maigidansa, da agogon farko da ya buɗe ya kasa mayarwa? Yana magana kana rubutu. Bayan tafiyarka sai da ya gaya wa Tela cewa ɗansa malami zai sa tarihinsa a littafi. Jiya abin da ya ce kawai shi ne, “Ashe ba labarin yake rubutawa ba.”

Yau bai sa rigar ba.

Ka gaida mutanen kwamiti.

Yayarka, mai robobi.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwa tun kafin in fara.

Na karanta takardarki a ofishin malamai, sai da na fita na zaga bayan aji. Wallahi ban san ke ce ba. Ban kuma san abin da Baba ya ɗauka nake rubutawa ba. Ina jin labarin da yake bayarwa, ina ji mana, sai dai a lokacin kalma uku sun ƙi ba ni misali, na ɗaga kai na ga kofin a hannunsa. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi.

Ga matakan da na ɗauka. Na rubuta wa masu ɗab'i cewa a bugu na biyu a cire “mahaifina” a sa “wani tsoho”, a kuma mai da sana'ar ta zama gyaran rediyo. Na roƙi shugabar makarantar unguwa ta sa a manne shafin a duk kwafin da ke hannun yara. Na kuma samo sunan wani likita a nan da aka ce ya ƙware kan irin wannan larura.

Game da zuwa, jarrabawa ta matso, ni ne kuma mai kula da ita a bana. Da an yi hutu zan taho, saura mako bakwai. Ki taimaka ki tausasa masa zuciya kafin nan, ke ya fi jin maganarki.

Sai wata alfarma, kada ki ɗauke ta da wata manufa. Ana duba littafin yanzu don a sa shi a sauran makarantu, shugabanmu kuma shi ya tsaya mini. In maganar nan ta iso nan za ta iya ɓata komai. Ina roƙon ta tsaya a cikin gida.

Ki ce wa Baba ɗansa yana neman gafara.

Ƙaninki.

*

Ƙanena,

Wa alaikumus salam. Muna nan yadda ka bar mu, har mun ɗan fi haka.

An manne shafin, kamar yadda ka yi umarni. Shugabar makaranta ta bi aji da kanta da gam. Sakamakon shi ne yaran da ba su taɓa buɗe littafi ba tun da aka haife su, yanzu sun nemo reza. 'Yan aji uku ma sun iya jimlar. Game da “wani tsoho” mai gyaran rediyo kuwa, akwai shi a layinmu, mutum ɗaya ne, hannunsa lafiya lau, kuma yana da 'ya'ya maza biyar. Ka yi shawara.

Ka ce magana ta tsaya a cikin gida. Na karanta wurin sau uku don in tabbata kai ka rubuta.

Saƙonka na gafara na isar. Ya ce ya ji.

Kwana tara bai fita ba. Ranar Alhamis ya sa rigar, ya ce in bar rumfa in biyo shi. Muka isa, ya miƙo mini mabuɗi don ya kasa sa shi a kwaɗo, a gaban kowa, abin da da sai ya jira layi ya yi shiru yake yi. Ya aika aka kira Tela da Mai Kemis. Ya ja kujerarsa ya ce in zauna. Na ce Baba mene ne haka. Ya ce zauna. Ya ciro gilashin daga aljihu ya ajiye a gabana, ya dube su ya ce, “Ga mai aikinku nan. Na gode da ɗawainiya.” Tela ya buɗe baki, Baba ya ɗaga masa hannu, hannun yana ta rawa, bai ɓoye shi ba. Ya juya ya tafi gida a ƙasa. Na tashi in raka shi ya ce ba a barin shago a buɗe.

To ga ni a teburin da ban roƙa ba, maigidana yana tsare mini robobi yana sayar da bokiti a kuɗin kofi. Agogo huɗu aka kawo. Uku na gyara. Na huɗun na Tela ne, yana tafiya yana tsayawa, na buɗe na rufe ban ga komai ba. Na kara a kunnena, ni dai ƙas-ƙas kawai nake ji. Na kai wa Baba gida na ce ya saurara mini. Ya ce kunnensa ya yi ritaya tare da hannun.

Ka raba mutum ɗaya gida biyu, kowane rabi ba ya aiki. Ka riƙe likitanka, ka riƙe mako bakwai ɗinka.

Wassalam.

Yayarka.

*

Malam Ƙamus,

Gaisuwa a taƙaice, direba yana jira.

Wannan takarda da Baba mota ɗaya suka hau. Na hana, ya ce in koma teburina. Ya sa an goge masa rigar, ya ɗauki sukudireba guda a aljihu. A gidan abokinsa zai sauka, ba naka ba.

Ya ce ya ji an ce yaro ba ya riƙe kalma sai ya ga abin da ido, kuma bai kamata ɗalibanka na can su tsaya a karatu kawai ba alhali na nan suna kallo kyauta. Ranar Litinin ƙarfe takwas zai zo makarantarku, zai fara gaida shugabanku, sannan ya nemi a nuna masa ajinka. Ya ce kada ka damu, ba zai yi magana ba. Tsayawa kawai zai yi a gaban allo har a kaɗa ƙararrawa.

Allah ya kai shi lafiya, ya ba ka abin faɗa. In ya shigo yara za su miƙe su gaishe shi, sannan su juyo su jira ka gaya musu ko wane ne. Mahaifinka za ka ce, ko wani tsoho?

Yayarka, mai gyaran agogo.